Ruwa ya fi rami kisa: mutanen farko na garuruwan ofal a Ostiraliya

Malam Jogarafi:
Assalamu alaikum jama'ar gida. Yau nesa zan kai ku, can ƙungurmin dajin Ostiraliya, garuruwan masu haƙar ofal. Ga wanda bai san shi ba, ofal dutse ne na ado wanda in ka juya shi a haske za ka ga kore da shuɗi da ja suna wasa a ciki, ana sa shi a zobe da sarƙa, kuma shekara da shekaru mafi yawan na duniya daga Ostiraliya yake fitowa. Garin da ya fara yin suna shi ne White Cliffs a jihar New South Wales. A 1889 wasu maharban kangaru suka tsinci duwatsun a ƙasa, cikin wani makeken filin kiwon tumaki da ake kira Momba, suka aika samfuri Adelaide wajen wani ɗan kasuwa Tullie Wollaston, ya taso ya saya ya nema masa kasuwa a Turai. Daga nan fa gari ya tashi. Zuwa 1902 ana ƙiyasta mutum wajen 5,000 a wurin da ba kogi, ba rijiyar kirki, ba bishiyar da za ka fake. In ka ji an ce garin haƙa za ka ɗauka rami ne ke rufta wa mutane. Yana ruftawa kam, amma maƙabartar garin kaburburan yara ne birjik, taifot da mashaƙo da gudawa. Har wata 'yar ƙaramar maƙabarta ta yara akwai daban tun farkon shekarun 1890. To ni tambayata, iyayen da suka kwashi mata da jarirai suka kai wannan wuri, neman halak ne ko ganganci?

Maman Hanan:
Wa alaikumussalam Malam. Ai tambayar ta amsa kanta, ganganci ne tsagwaronsa. Kai namiji in kana son ka je ka yi caca da ranka ga hanya nan, amma jaririn da bai san hawa ba bai san sauka ba me ya yi maka? Ka bar su gida mana in ka samo ka aiko. Wlh jikina ya yi sanyi

Auta:
Ni dai har yanzu ina wajen maharban kangarun nan 😂 wato mutum ya fita neman nama ya dawo da arziki, mu ko ɗari biyar ba mu taɓa tsinta a hanya ba

Baban Sadik:
Hajiya a bar su a wane gidan? Ki duba lokacin da abin ya faru tukuna. A 1893 bankunan Ostiraliya suka dinga rufe ƙofa ɗaya bayan ɗaya, mutane suka wayi gari ajiyarsu ta maƙale, aiki ya tsaya cak. Kafin nan masu askin tumaki sun yi yajin aiki a 1891 an murƙushe su, mahaƙan azurfa na Broken Hill ma sun yi nasu a 1892 suka sha ƙasa. Sai kuma fari ya sauka daga 1895 har wajen 1903, kusan rabin tumakin ƙasar suka mutu. Mutumin da ba aiki ba kuɗin haya ina zai ajiye mace da 'ya'ya? Gaba kura baya sayaki. Ofal kuwa haƙar talaka ce, diga da shebur da igiya da kyandir, sai abokin da zai tsaya a bakin rami yana ja maka guga. Ba injin niƙa dutse, ba jari, kuma ramin bai da zurfi can sosai. Dole duk wanda ya rasa mafita ya nufi can

Maman Hanan:
Alhaji ku maza kullum da hujja. Na ji akwai talauci, amma talauci a gari mai famfo da likita ba ɗaya ba ne da talauci a inda za ka ba goyo ruwan kududdufi

Anti Nas:
Maman Hanan bari in ɗan shigo nan don wannan fannina ne. Na yarda da rabin maganarki, amma ki sani a wancan zamanin ko a manyan biranensu taifot kisa yake, ba maganinsa a ko'ina. Maganin farko da ya fara yi wa taifot aiki sosai sai 1948 aka gwada shi, kin ga kusan shekara hamsin bayan tashen White Cliffs. Abin da ya ƙara dagula na garin shi ne yadda suke samun ruwa. Tunda ba kogi, tafki ake haƙawa a gangare a jira ruwan sama ya wanko ƙasa ya taru a ciki. To ƙasar da ruwan ke wankowa ita ce dai wadda dubban mutane ke bahaya a kai, ga dawaki ga raƙuma ga shara, ga ƙudaje kamar me a lokacin zafi. Ƙwayar taifot daga kashin mai ciwo take fita ta koma bakin mai lafiya, shi kenan zagayen. Babba zai kwanta sati uku huɗu da zazzaɓi wani ya tashi wani hanjinsa ya huje ya tafi. Yaro ƙarami kuwa gudawar kwana biyu ta isa ta zuƙe shi, ba ruwan gishiri da suga a lokacin, ba ƙarin ruwa ta jijiya irin na yanzu. Mashaƙo kuma duk wanda ya taɓa jinyar yaro mai shi ya san yadda wannan farar fatar ke rufe maƙogwaro yaro yana kokawar numfashi a gabanka. An samo allurar karya dafinsa a tsakiyar shekarun 1890, amma kafin ta iso garin da ke kusan kilomita 100 daga garin Wilcannia na bakin kogin Darling a keken doki, ai an yi jana'iza

Maman Hanan:
Innalillahi. Anti kin ƙara min ƙarfin hujja ne ai

Anti Nas:
A'a ban ƙara miki ba, ni laifin na ɗora shi a kan hukuma. Gwamnati tana karɓar kuɗin lasisin haƙa a hannun kowa, ta san yawan mutanen da suka taru, ruwa mai tsafta da masai na kirki aikin wa ne?

Baban Sadik:
Yauwa Anti. Kuma ba kowa ne ya mutu ba fa, gari ne sosai da makaranta da otal-otal da shaguna da jaridarsa. Ɗan malamin makarantar garin da aka haifa a can a 1905, Bill O'Reilly, ya girma ya zama ɗaya daga cikin manyan 'yan wasan kurket na ƙasar

Maman Hanan:
Ɗan malamin makaranta mai albashi. Ka kawo min ɗan mai diga

Ɗalibi a Adelaide:
Salam yayyena, ina biye da ku tun ɗazu. White Cliffs ban je ba amma na je Coober Pedy lokacin hutu, shi ne babban garin ofal yanzu, kilomita kusan 850 arewa da nan. Tun kafin ka shiga gari za ka fara hango tulin farar ƙasa tsibi-tsibi iya ganinka, kowane tsibi akwai rami a gefensa kuma yawanci a buɗe suke. Allunan gargaɗi ne ko'ina da hoton mutum yana faɗawa rami, an rubuta kar ka yi gudu, kar ka yi tafiya da baya, don masu ɗaukar hoto sukan ja baya ba su duba ba. Ɗakin da na kwana a cikin tudu aka fafe shi, bangon dutse ne ja-ja da fari da sawun haƙorin inji a jiki, an shafa masa wani abu kamar banish don kar ya dinga zubo ƙura. Ba taga ko ɗaya, sai bututun iska da ya huda rufin ya fita sama. A waje rana kamar ta dafa mutum, zafi ya haura 40, a ciki kuwa ashirin da 'yan kai ba fanka ba komai. In ka kashe fitila ko tafin hannunka ba ka gani, da asuba sai da agogon waya ya tashe ni don ba abin da zai nuna maka gari ya waye. Sai na tuna mutanen farko da diga suka sassaƙa nasu, hannu da hannu, da kyandir

Auta:
Yaya ba NEPA ba AC kuma sanyi? A nemo min biza kawai

Ɗalibi a Adelaide:
Auta ka fara jin labarin ruwansu tukuna. Na shiga maƙabartar ma, ƙasa ce ja ƙeƙasasshiya ba ko ciyawa. Sunayen da ke jikin kaburbura za ka ga na Girkawa da Sabiyawa da Italiyawa da sauransu, waɗanda suka kwararo bayan yaƙin duniya na biyu musamman shekarun 1960. Akwai ma wani na baya-bayan nan da aka kafa masa gangar giya ta ƙarfe a matsayin alamar kabari, shi ya yi wasiyya da haka

Ustaz Na Bakin Kasuwa:
Subhanallah. Allah ka sa mu cika da imani

Malam Jogarafi:
Amin Ustaz. Tunda ɗalibinmu ya kawo Coober Pedy, ku ji yadda aka gano shi. Ƙarshen 1914 wani Jim Hutchison da abokansa biyu suka fita da raƙuma neman zinare, ya tafi da ɗansa Willie ɗan shekara 14, ana tsakiyar fari. Zinare bai samu ba, ruwa kuma ya kusa ƙare musu. Farkon watan Fabrairu 1915 yaron ya tsinci ofal a ƙasa. Labarin da mahaifin ya bayar shi ne sun bar shi gadin sansani sun fita neman ruwa, suka dawo hannu rabbana ba su tarar da shi ba, sai da dare ya yi ya dawo da buhu ɗauke da duwatsu, kuma ya gano inda ruwa ya kwanta. Shi ne ya ceci ayarin. To wannan yaro bai ci moriyar garin ba, bayan shekara biyar ko kusa da haka yana aikin kora shanu a Queensland ya nutse a kogin Georgina

Maman Hanan:
Allah sarki yaro. Ya tsira daga ƙishirwa ruwa ya ci shi

Ustaz Na Bakin Kasuwa:
Ajali ke nan Hajiya, inda aka rubuta maka nan za ka je da ƙafarka. Amma kar a fake da ƙaddara a bar sababi, maganar Anti Nas tana nan daram

Malam Jogarafi:
Sosai. Bayan an gama shimfiɗa layin dogo da ya ratsa ƙasar gabas zuwa yamma a 1917 leburorin jirgi suka gangaro wurin, sai kuma sojojin da suka dawo daga yaƙin duniya na ɗaya. Ana danganta zaman cikin rami da su, wai sun saba da ramukan fagen daga a Faransa, ko da yake mutanen White Cliffs sun riga su kwana a tsofaffin ramukan haƙa tun shekarun 1890 saboda katako tsada, kwano kuma tanda ne da rana. A 1920 aka raɗa wa wurin suna Coober Pedy. Ruwan saman da ke sauka can a shekara bai kai milimita 200 ba, wata shekarar ma kusan babu. Farkon shekarun 1920 gwamnati ta gina babban tanki a ƙarƙashin ƙasa mai cin galan 500,000, kuma rabo ake yi, galan 24 ga mutum a sati, wajen lita 110. Jarka huɗu da ɗan ɗori ke nan, ciki har sha da girki da wanka da wanki, a wurin da kake wuni kana sara dutse

Ɗan Tawa:
Malam wanga magana ta taɓa ni don ni na yi Jado, can arewacin Nijar, lokacin da zinariya ta ɓullo a 2014, kahin gwamnati ta ruhe wurin a 2017. Wanda bai zamna wurin da ake sayen ruwa da bido ba ba ya gane abin da kuke hwaɗi. Ruwa mota ka kawo shi daga nesa, ranar da mota ta lalace a hanya kowa ya shiga ukku. Wanka sai ka manta da shi, ruwan da ka wanke kwano da shi ba ka zubarwa. Ni da idona na ga an rufe mutum wanda ba mai sanin sunanshi na gaskiya sai laƙabi, ba mai sanin garinsu, an jera duwatsu bisa kabarin an koma aiki. Kila har yau uwarshi na jiran ya dawo. Shi ya sa Hajiya ni ina tare da ke rabi, mu ba mu kai ɗiya ba kuma gara da ba mu kai ba. Amma mu muna da gida da dangi da munka bar ma su. Waɗancan baƙi ne sun ƙetaro teku, wa za su bar ma?

Maman Hanan:
Sannu ɗan'uwa, Allah ya jiƙan wanda ya rasu. Wannan ta ƙarshen ta ɗan shige ni gsky. Mu in miji ya yi tafiya akwai gidan surukai akwai gidan iyaye

Malam Jogarafi:
Abin da Ɗan Tawa ya faɗa na laƙabi haka yake a garuruwan ofal ma. Da yawa sun je ne don su ɓace, mai gudun bashi, mai gudun mata, mai gudun hukuma, kuma al'adar wurin ba a tambayar mutum asalinsa. Wani zai fita da ƙafa daga wannan fili zuwa wancan da salkar ruwa ɗaya, ya iske tafkin da ya dogara da shi ya ƙafe, sai dai a tsinci gawa. Kaburbura da yawa ba suna, na itace kuma rana da gara sun cinye

Ɗan Tawa:
Kuma ni abin da na lura wanda ya yi kuɗi a irin wuraren ga ba mai tono ba ne. Mai saida ruwa, mai shago, mai mota, sai mai saye. Kura da shan bugu gardi da amsar kuɗi

Baban Sadik:
To fa, an zo kanmu 'yan kasuwa 😄 Ɗan'uwa ka yi adalci. Dutsen da ba mai saye ai tsakuwa ce. Lokacin da Wollaston ya kai ofal ɗin Ostiraliya Landan dillalai ƙi suka yi, sun saba da na ƙasar Hungary, ga camfin da Turawa ke yi wai ofal na jawo tsiya. Mutumin ya yi ta naci yana bin masu yankan duwatsu har kasuwa ta buɗe a Ingila da Amurka da Jamus. Da bai yi wannan wahalar ba da maharban nan sun zubar da abinsu sun ci gaba da bin kangaru. Kuma mai saye ma kasada yake, ka sayi dutse yau gobe ya bushe ya tsage a hannunka, wa zai biya ka?

Ɗan Tawa:
Alhaji mai saye in ya yi asara kuɗi ya rasa. Mai tono in ya yi asara ƙasa ta ruhe shi

Injiniya:
Ku bari in raba muku. Matsalar ofal ita ce ba shi da lissafi. Zinare ko kuza in ka samu jijiya kana iya auna ta ka ce tan kaza zai ba da kaza. Ofal kuwa ruwa ne mai ɗauke da sinadarin yashi ya tsiyaya cikin tsagogin dutse ya daskare a hankali, a ƙasar da teku ya taɓa rufewa wajen shekara miliyan 100 da suka wuce, shi ya sa ake samun katantanwa da ƙashin dabbobin ruwa sun rikiɗe sun zama ofal. A 1987 ma an haƙo kusan cikakken ƙwarangwal na wata dabbar teku a Coober Pedy, yana gidan tarihi a Sydney yanzu. To fiye da kashi 90 na abin da ake samu farin banza ne marar launi, ba ya kuɗi. Kana iya shekara kana sara ba ka ga komai ba, maƙwabcinka taku goma ya fasa aljihun da zai sayi gida. Yadda suke aikin da: ka haƙa rijiya ƙafa da ƙafa kana saran matakala a bango, in ka kai shimfiɗar da ake sa rai sai ka yi kwana ka bi ta a kwance, a durƙushe ko a rigingine, kyandir soke a bango, kana sara a hankali kana kasa kunne don in bakin diga ya taɓa ofal ƙarar kamar ta gilashi ce, in ka yi garaje ka farfasa arzikinka da hannunka. Na sama yana juya sandar naɗe igiya yana fitar da ƙasa da gugan fata. Hatsarin kuma guga ya kuɓuce ya faɗo maka a ka, ko rufi ya zauna don ba katakon tokarewa, ko ka faɗa ramin wani da dare

Auta:
To in na samu sai in yi shiru abina

Injiniya:
Haka suke yi ai Auta, don akwai ɓarayin dare da ke jira ka hau sama ka kwanta su zura igiya su kwashe. Wanda ya samu sai ya koma kwana a bakin raminsa. Kuma Alhaji, kafin ka wanke masu kuɗi tas, a White Cliffs wani kamfani mai jarin Ingila ne ya riƙe filaye mafi kyau, mahaƙa na yi masa aiki a kan raba riba. Su suna ganin ana cutarsu a farashi, kamfani na ganin suna ɓoye masu kyau suna sayarwa ta bayan fage, rigima ta yi tsami har gwamnati ta kafa hukumar bincike a 1901

Baban Sadik:
Wannan kamfani ne ba ɗan kasuwa ba, kar a haɗa mu 😄

Ustaz Na Bakin Kasuwa:
Malam na ji kana ta ambaton raƙuma. Ostiraliya da raƙumi kuma? Su wa ke kora su?

Malam Jogarafi:
Musulmi ne Ustaz, kuma in ba su ba waɗannan garuruwan ba za su rayu ba. Tun 1860 aka fara shigo da raƙuma tare da masu kula da su, a 1866 wani attajiri Thomas Elder ya kawo sama da ɗari a jirgin ruwa. Ana kiran mutanen 'yan Afgan dukkansu amma da yawa daga Balucistan da Sindh da Punjab suke, yankin Pakistan ta yau. Kayan White Cliffs ta kogin Darling suke zuwa a jirgin ruwa zuwa Wilcannia, in fari ya yi kogin ya ƙafe jirgi ya tsaya, shanu da dawakin jan kaya kuma ba ciyawa ba ruwa a hanya, sai raƙumi. Fulawa, shayi, suga, kwanon rufi, duk a bayansa. Amma a gefen gari ake ware musu unguwa, yawancinsu ba su zo da matansu ba, kuma dokar 1901 da ta toshe wa waɗanda ba farare ba shiga ƙasar ta sa in mutum ya je gida dawowa ta zama wahala. Da motocin ɗaukar kaya suka zo a shekarun 1920 sana'ar ta mutu, suka saki raƙuman a daji, jikokin raƙuman ne ke yawo dubbai yanzu. Masallacin masu raƙuman na kwano yana nan a Broken Hill har yau

Ɗalibi a Adelaide:
Masallacin da nake Juma'a a cikin garin Adelaide ma su suka gina shi, ƙarshen shekarun 1880. Jirgin ƙasan da ke tashi daga nan zuwa Darwin sunansu ya ci, The Ghan

Ustaz Na Bakin Kasuwa:
Allahu akbar. Allah ya jiƙansu ya kai haske kabarinsu

Barista:
Ina ta jira wani ya faɗa ba wanda ya faɗa. Kuna ta cewa mutanen farko, mutanen farko. Ƙasar nan da masu ita fa, dubban shekaru kafin wani Bature ya taka ta. Yankin kogin Darling na ƙabilar Barkindji ne, yankin Coober Pedy kuma kotu ta tabbatar wa al'ummar Antakirinja Matu-Yankunytjatjara haƙƙinsu na gado a kansa a 2011. Su suka san inda ruwa yake a wannan dajin, kuma tumaki da raƙuman baƙi ne suka shanye suka ɓata 'yan maɓuɓɓugan da suka dogara da su. Muna jimamin yaran da aka binne da alama ko ba alama, to su waɗannan ko a lissafin yawan jama'ar ƙasa tsarin mulki cire su ya yi, sai ƙuri'ar raba gardama ta 1967 aka goge wannan sashe. Kuma abin haushi, lokacin da Coober Pedy ya kusa mutuwa bayan karyewar tattalin arzikin shekarun 1930, mutane 'yan ƙalilan suka rage, wata mace ce 'yar asalin ƙasar, Tottie Bryant, ta gano ofal a filin Eight Mile a tsakiyar shekarun 1940 garin ya farfaɗo. A wannan filin aka haƙo Olympic Australis a 1956, dutse mai nauyin kilo kusan uku da rabi

Malam Jogarafi:
Gaskiyarki Barista, wannan gyara ne mai kyau

Maman Hanan:
To ni matan nake son ji. Banda haihuwa da binne 'ya'ya me suke yi?

Malam Jogarafi:
Su ne jinya, su ne unguwar zoma, su ne wanki da ruwan da ba shi, wasu na dafa abincin sayarwa ko riƙe gidan haya na gwauraye, wasu da yara suna bin tulin ƙasar da aka zubar suna tsintar ɓarɓashin da ya kuɓuce wa mai haƙa, kuma sau da yawa wannan tsintar ce ke ciyar da gida in maigida ya yi wata da watanni bai ga launi ba. Akwai kuma waɗanda suka shiga ramin da kansu. Minnie Berrington mai buga tafireta ce a Landan, ta iso Coober Pedy a 1926 da ƙaninta, daga baya ta koma Andamooka, wani filin ofal ɗin, ta yi haƙa da hannunta har ta riƙe gidan waya na garin

Maman Hanan:
Ita ai ba ta kai goyo ba, kun gani

Baban Sadik:
Hajiya ba za ki sauka ba dai 😂

Maman Hanan:
Na sauka rabi saboda maganar Ɗan Tawa da ta Anti. Rabin yana nan. Wanda ya binne ɗa ɗaya ya ga abin da ruwan ke yi kuma ya zauna da sauran yana jiran sa'a, wannan ba talauci ne ya riƙe shi ba, zazzaɓin dutse ne

Ɗan Tawa:
Wannan kam gaskiya ta. Kullum kana cewa gobe, sara ɗaya ya rage. Kuma kunyar komawa gida hannu wofi ta fi yunwa ciwo

Injiniya:
White Cliffs ma ai ba hankali ne ya tashe su ba, kasuwa ce. Mai kyan ya fara ƙarewa, baƙin ofal ya ɓullo a Lightning Ridge farkon shekarun 1900 mutane suka fara zarewa, sai 1914 yaƙi ya ɓarke. Manyan masu saye Jamusawa ne, garin Idar-Oberstein can ake yanka duwatsun, rana ɗaya suka zama abokan gaba ciniki ya tsaya. Samari suka shiga soja, saura suka kwance kwanon gidajensu suka ɗora wa raƙumi. Yanzu mazauna garin ba su kai 200 ba. Likitan jirgin sama da ke zuwa ɗaukar marasa lafiya a irin waɗannan ƙauyuka ma sai 1928 aka fara shi, lokacin garin ya riga ya watse

Auta:
Yaya na Adelaide tambaya ta tsakani da Allah, yanzu in mutum ya je zai iya haƙa ko sai ɗan ƙasa?

Ɗalibi a Adelaide:
Tsinta da hannu a tulin ƙasar da aka ware wa baƙi kyauta ce, na yi ma, na samo farare marasa launi cike da aljihu mai shago ya duba ya yi dariya ya miƙo min abina. Haƙa ta gaske kuwa sai ka yanki izini a ofishin ma'adinai ka kafa turakunka, kuma yanzu ba diga ba ce, injin huda rami ne da na zuƙo ƙasa, ga dizal ga nakiya, duk kuɗi. Ruwa ma har yau daga rijiyar burtsatse mai nisan kilomita ashirin da wani abu ake jawo shi a tace gishirin, akwai famfon da kake jefa kwabbai ka cika jarka

Auta:
Har ruwan ma da kwabbai? To a bar bizar tukuna, Alhaji ko akwai gurbin yaron shago

Baban Sadik:
Ka zo Litinin da ƙarfe bakwai, ba takwas ba